Turken ƙashi: yadda matatar sukari a Landan ta ɗaure enzayim a kan ƙashin shanu, 1941 zuwa 1946

A gabashin Landan, daf da bakin kogin Tems, akwai wata matatar sukari da ake kira Plaistow Wharf. Wani attajiri mutumin Greenock ta ƙasar Sukotlan, Abram Lyle, shi ya sayi filin a 1881, aka fara tace sukari a wurin a 1883. Amma ba farin sukari ne ya yi wa gidan suna ba. Abin da ya fito da shi wani maɗi ne mai kauri, launinsa kamar na zuma farar saƙa, wanda ake sayarwa da sunan Lyle's Golden Syrup, aka kuma fara ɗura shi a gwangwani a 1885. Mutanen Ingila suna zuba shi a kunun safe, su shafa a burodi, su yi kayan maƙulashe da shi. A jikin gwangwanin akwai hoton mushen zaki da ƙudan zuma suna shawagi a kansa, an ɗauko shi daga labarin Samson na cikin Baibul. A 1921 gidan Lyle ya haɗe da gidan Henry Tate, kamfanin ya koma Tate & Lyle.

Shekara 20 bayan wannan haɗewa, Yaƙin Duniya na Biyu yana kan ganiyarsa, sai abu guda da maɗin ba ya yiwuwa sai da shi ya yanke wa kamfanin. Ba rake ba ne, ba kuma wuta ba. Asid ne.

Me asid yake yi a cikin maɗi?

Sukarin rake, wanda masana ke kira sukuros, tagwaye ne a manne da juna: gulukos da furuktos. Halinsa son daskarewa. A zafin ɗaki, ruwan sukari ba ya wuce kimanin kashi 67 cikin 100 na sukari ya zauna lafiya. In ka dafa shi ya yi kauri ya zarce haka, ka zuba a kwalba ka ajiye, bayan 'yan kwanaki za ka tarar ya yi yashi-yashi a gindi. Mai yin farin sukari abin da yake nema ke nan. Ga mai yin maɗi kuwa asara ce, don ba wanda zai sayi gwangwanin da cokali ke ƙaras-ƙaras a cikinsa.

Maganin shi ne a raba wani kaso na tagwayen nan. Idan sukuros ya cakuɗu da gulukos da furuktos, kowa sai ya hana ɗan'uwansa daskarewa, kaurin ya kai kusan kashi 80 cikin 100 yana nan yana zuba. A wannan kauri kuma ƙwayoyin da ke lalata abinci ba sa samun ruwan da za su rayu a ciki. Ƙudan zuma ma dabarar da yake yi wa ruwan fure ke nan. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki juyi, saboda in aka haska wani irin haske ta cikin ruwan sukuros yakan karkata shi dama da digiri 66.5, in an gama raba tagwayen kuma sai ya juya hagu da kimanin digiri 20.

Hanyar da matatar ta saba ita ce a zuba asid ɗin salfa, irin wanda muke cewa ruwan batir, a ɗumama, asid ya tsinke mahaɗin tagwayen, sannan a kashe tsaminsa a tace. To, a lokacin yaƙi wannan asid na masu haɗa nakiya ne. Kusan duk wani abin fashewa sai da shi, kuma kibiritu da dutsen da ake yin sa da su ta teku suke shigowa Birtaniya, tekun da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka hana sakat. Unguwar matatar kanta ta sha ruwan bama-bamai tun daren 7 ga Satumba 1940. Sukari ya koma na rabo da kati tun Janairun wannan shekara, har aka dawo da rabon mutum guda gram 227 a mako. A irin wannan hali, ba wani jami'in gwamnati da zai ɗauki asid daga masana'antar makamai ya ba mai yin kayan zaƙi.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Akwai wani abu da yake raba sukuros ba tare da asid ba, kuma masana sun daɗe da saninsa: enzayim, wato wani furotin da halittu ke yi don hanzarta sauyin sinadarai. Wannan ana kiransa inbates, wanda yis ɗin burodi da na giya ke ɗauke da shi a jikin bangon ƙwayarsa. Wani Bafaranshe, Marcellin Berthelot, ya fitar da shi daga yis tun 1860, kuma da shi ne wasu masana biyu, Michaelis da Menten, suka yi gwajin 1913 da ɗaliban kimiyyar rai ke haddace lissafinsa har gobe.

Sai dai enzayim yana da tasa matsalar. Shi kamar wuƙar mahauci yake: yana yanka, ba ya ƙarewa, ana iya yanka dubu da shi. Amma in ka zuba shi sake a cikin tankin ruwan sukari, ka narkar da wuƙar ke nan a cikin naman. In juyi ya kai inda kake so, dole ka tafasa ruwan ka kashe shi, in ba haka ba ya ci gaba da yanka har ya wuce gona da iri. Gobe kuma sai ka nemo sabo. A matatar da ke aiki dare da rana, wannan yis mai yawa ne, jira mai yawa, kuma ƙazantar furotin ce a cikin kayan da aka san su da tsabta. Abin da ake bukata shi ne turke. A ɗaure enzayim wuri guda kamar akuya, ruwan sukari ya zo ya wuce ta gabansa, ya yi aikinsa, ruwa ya tafi shi yana nan.

Turken yana cikin gida

Duk wanda ya taɓa tona tokar da aka yi babbaka bayan layya ya ga ƙashi iri biyu. Wanda ya tsaya a sama iska na dukansa yakan fito fari fat kamar alli, yana marmashewa a hannu. Wanda ya nutse a ƙarƙashin garwashi, iska ba ta kai gare shi ba, yakan fito baƙi ƙirin, da sauran ƙarfinsa. Karya baƙin nan ka duba bakin karayar: ƙofofi ne birjik, kamar soso. Ka taɓa shi da harshe, sai ka ji ya kama, don ƙofofin sun zuƙe yawun nan take. Wannan baƙin shi ne gawayin ƙashi, kuma shi ne zuciyar galibin matatun sukarin rake na wancan zamani.

Ana yin sa ne da ƙashin shanu da aka cire wa kitse, a gasa a rufaffiyar tukunya da zafin da kan kai digiri 700 a ma'aunin Salshiyos. Furotin ɗin da ke cikin ƙashin ya ƙone ya bar baƙin gawayi, wanda bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin ba. Ragowar ma'adinin ƙashin ne, kalsiyam da fosfet, da ɗan alli kaɗan. Gawayin ya lulluɓe ma'adinin ta ciki da waje. In da za a buɗe dukkan ƙofofin da ke cikin gram ɗaya na sabon gawayi a shimfiɗa, faɗin zai kusa murabba'in mita 100, wato fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a cikin abin da bai cika ƙaramin cokali ba.

Tun 1811 wani masani a Montpellier ta Faransa, Figuier, ya nuna cewa gawayin ƙashi ya fi na itace cire launi daga ruwa, ba a daɗe ba kuma masu tace sukari suka rungume shi. Ɗanyen sukari ja ne, kusan kalar mazarƙwaila. Sai a narkar da shi, a zuba ta saman wasu dogayen tankunan ƙarfe da ke tsaye cike da tsakin gawayin ƙashi, ya tsiyaye a hankali ya fito ta ƙasa garau. Ɓangaren gawayi ya kama launi, ɓangaren ma'adini ya kama gishiri-gishirin da ke ciki. In gawayin ya ƙoshi ya daina kamawa, a wanke, a kwashe, a kai tanda a sake gasawa a wajen digiri 550, datti ya ƙone, a mayar da shi bakin aiki. Haka ake ta juya shi.

Shi kuma batun cewa inbates na iya manne wa gawayin dabba ya ci gaba da aiki, an rubuta shi tun 1916. Nelson da Griffin na Jami'ar Columbia a New York ne suka gano haka. Kafin su ana ganin gawayi kashe enzayim yake yi. Su suka nuna cewa abin da gawayin ke yi shi ne sauya tsamin ruwan, in aka riƙe tsamin daidai kuwa, enzayim ɗin da ya manne yana yanka sukari kamar wanda yake sake. Sun rubuta, sun wuce. Shekara 25 abin yana kwance a takarda.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ga enzayim da ke son turke, ga tan-tan na turke jibge a cikin gida, ga tankuna, ga famfuna, ga ma'aikatan da suka san halin gawayi kamar yunwar cikinsu.

Yadda aka yi

Aikin mataki huɗu ne, kuma babu na ƙawa a ciki. Da farko a bar yis cikin yanayin da ƙwayoyinsa za su narkar da kansu, su saki abin da ke cikinsu. Abin da ke fitowa wani gurɓataccen ruwa ne mai kauri, inbates na ciki tare da tarkacen furotin iri-iri. Na biyu, a daidaita tsamin ruwan zuwa 4.7 a ma'aunin pH, ma'aunin da 7 ne tsakiyarsa, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. A wannan tsami da yawa daga cikin tarkacen kan dunƙule su kwanta, shi kuwa inbates nan ne inda ya fi jin daɗi, don haka yana nan a narke. Na uku, a tace ta cikin shimfiɗar jifsam, farin garin nan da ake ɗaurin karaya da shi a asibiti. Na huɗu, a zuba tataccen ruwan a kan gawayin ƙashi, enzayim ya manne.

Sai dabarar da ta fi burge ni. Ba a gina sabon tanki ba. A cikin tankin cire launi da aka saba, wanda zurfin gawayinsa ƙafa 20 ne, wato kimanin mita 6, aka sa shimfiɗar gawayi mai enzayim ta ƙafa 2, santimita 60 ke nan. Kashi ɗaya bisa goma na tankin. Ruwan sukari ya bi hanyarsa ta kullum, a tafiya guda a wanke masa launi a kuma raba masa tagwaye. A irin wannan tsari, mai kula da famfo shi ke riƙe da linzami: in ya rage gudun ruwa, sukari ya daɗe tare da enzayim, juyi ya ƙaru, in ya buɗe, ya ragu. Da zarar ruwan ya bar shimfiɗar kuma yanka ya tsaya da kansa. Ga maɗin da ake so a raba wani kaso a bar wani, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Me ya riƙe enzayim ɗin, tunda ba a sa masa wani gam ba? Furotin yana da sassa masu caji iri biyu a jikinsa, ma'adinin ƙashi ma haka: kalsiyam na jan wasu, fosfet na jan wasu, baƙin gawayin kuma na kama sassan da ba sa shiri da ruwa. Kowane riƙo shi kaɗai mai rauni ne, amma suna da yawa, kamar ƙarangiya a jikin riga. Sannan yana cikin lungun ƙofofi, inda ƙarfin ruwa ba ya fizgarsa. Inbates na yis kuma dama mai taurin rai ne, kusan rabin nauyinsa rigar sukari ce da ke kare shi.

Ya yi aiki, kuma a babban sikeli. Lissafin kuɗi ya fita. Abin mamaki ma, ba enzayim ne ke fara gajiya ba. Abu biyu ne ke sa a tsayar da tanki: ko gawayin ya ƙoshi ya daina cire launi, ko ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki. Na biyun ciwon duk mai aiki da enzayim a ruwan sukari ne. Zafin da zai hana bakteriya da yis ɗin daji sakewa, shi ne zafin da zai dafa enzayim, don inbates ba ya jure abin da ya wuce wajen digiri 60 na dogon lokaci. Na farkon kuwa akwai ban tausayi a ciki: ranar da gawayi ya ƙoshi, tanda za a kai shi, kuma enzayim ɗin da ke jikinsa, da sauran ƙarfinsa, ya ƙone tare da dattin. Akuya ba ta tsufa ba, turken ne ya ruɓe.

Harshe ya yi hukunci

Shekara biyar ana haka. Yaƙi ya ƙare a 1945, asid ya dawo kasuwa, a 1946 kamfanin ya ajiye enzayim ya koma gidan jiya. Dalili ba tsada ba ne, ba kuma lalacewar injin ba. Ɗanɗano ne. Maɗin enzayim bai kai na asid daɗi ba.

Asid mai zafi ba ya aiki da tsabta. Yana tsinke mahaɗin tagwaye, amma a kan hanya yakan ɗan ƙona furuktos, ya haifar da ƙananan sinadarai masu launi da ƙamshi. Ta fuskar mai kimiyya wannan ɓarna ce. Ta fuskar mai ci kuwa, shi ne abin da yake biyan kuɗi dominsa, kamar yadda dafa-dukar itace take da wani ƙamshi da ta kan gas ba ta da shi, alhali hayaƙi ne kawai ya shige ta. Enzayim kuwa mahaɗi ɗaya ya sani, shi yake yankawa, ba ƙari ba ragi. Sai maɗin ya fito da zaƙi salam. A shekarun yaƙi mutane sun sha, don da babu gara ba daɗi. Da aka samu sarari, kamfanin da ya shekara 60 yana sayar da ɗanɗano guda ba zai yi caca da shi ba.

A ganina sun yi daidai a kasuwance. Inda na ga an yi sakaci shi ne barin dabarar ta mutu tare da bukatar. An ɗauke ta a matsayin ɗinkin gaggawa, ba a ga cewa sabuwar hanyar sarrafa abinci ce aka buɗe ba. Shi ya sa in ana ba da tarihin ɗaurarren enzayim a masana'antu, yawanci daga 1969 ake farawa, shekarar da kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan, ta hannun Ichiro Chibata da Tetsuya Tosa, ya ɗaure wani enzayim a kan ƙwayoyin da aka ƙera musamman don tace sinadaran gina furotin. Sunan fannin ma, wato ɗaurarren enzayim, sai a 1971 aka tsayar da shi, a wani taro a garin Henniker na Amurka. Mutanen gawayin ƙashi sun riga su da kusan shekara 30.

Ƙashi ya sake leƙowa daga baya, ta wata ƙofa. A 1986 Findlay da Parkin da Yada na Jami'ar Guelph a Kanada suka gwada ragowar ƙashin kaji, wanda ba a mayar gawayi ba, suka ɗaure masa enzayim iri biyar, ciki har da inbates da wanda ke raba sukarin madara. A 1992 Schafhauser da Storey na Jami'ar Carleton a Ottawa suka ɗaura wa tsakin ƙashin kaza enzayim ɗin da ke mayar da sitaci gulukos. Wasu masana a Ikwado da Yurugwai kuma sun bi wannan layi da sitacin rogo. Ƙashin da ba a ƙona ba yana da abin da gawayi ya rasa, wato furotin ɗinsa na asali, wanda za a iya ƙulla enzayim da shi ƙulli na dindindin ta hanyar wani sinadari da ake kira gulutaraldehaid. Hujjarsu ɗaya ce: ƙashi yana da araha, yana da yawa, yana da ƙofofi, ba ya da guba, kuma yana jure nauyi a cikin tanki ba tare da ya dame ba.

Duk gaskiya ne, amma akwai abin da ke ja da baya. Ma'adinin ƙashi irin na haƙori ne, kuma yana fara narkewa in ma'aunin pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5. To ga inbates da enzayim ɗin sitaci duk sun fi son wajen 4.5. Ka ba enzayim abin da yake so, turke ya zaizaye. Ka kare turke, enzayim ya yi sanyi. Riƙon ma'adinin kuma mai warwaruwa ne. Tun 1956 Arne Tiselius da abokan aikinsa a Uppsala ta Suwidin suka mayar da wannan ma'adini abin rarrabe furotin, daidai saboda ruwan gishirin fosfet yana sa ya saki abin da ya kama. Ga kuma bambanci tsakanin buhu da buhu, don ƙashin tsohuwar saniya ba ɗaya yake da na ɗan tsako ba.

Sai tambayar da na san mai karatu ya riƙe tun ɗazu: ƙashin wace dabba? Gawayin sukari na shanu ne, amma a ɗakunan gwaji har garin ƙashin alade an gwada a Japan. Mai sayar wa Musulmi da Yahudawa da Hindu da masu ƙin cin nama dole ya amsa wannan tambaya da takardar shaida, ko da ƙwayar zarra ta ƙashin ba ta shiga abincin ba. Aka kuma yi rashin sa'a, a 1986 ɗin nan da mutanen Guelph ke yabon ƙashi, a shekarar aka gano cutar haukan shanu a Birtaniya, a Maris 1996 gwamnati ta sanar da yiwuwar alaƙarta da wata cutar ƙwaƙwalwa a jikin mutane. Daga nan duk abin da ya fito daga jikin saniya ya shiga zargi a masana'antun abinci na Turai.

Kafin nan ma matatun sukari da yawa sun fara sauya gawayin ƙashi da sarrafaffen gawayi na wasu abubuwa da kuma ƙananan ƙwayoyin roba masu kama launi, waɗanda ruwan gishiri kawai ake wanke su da shi, ba sai an kunna tanda ba. Wanda ke son ƙashi ya zame masa turke yau, sai ya saye shi, ya wanke, ya niƙa, ya tankaɗe, ya nemi shaidar lafiya da ta halasci, sannan ya gwada farashi da na ƙwayar roba da ta zo a shirye cikin durom. Mutanen 1941 ba su yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, felu kawai suka ɗauka.

Plaistow Wharf dai tana nan tana yin maɗin, a hannun kamfanin American Sugar Refining da ya sayi sashen sukari na Tate & Lyle a 2010, mushen zakin kuma yana jikin gwangwani.